Jitar da Kawu ya ƙi sayarwa: nazarin riƙon amana tsakanin wani makaɗin Fagge da kamfanin Rickenbacker

Manyan kamfanonin ƙera jita na Amurka kusan duk sun raba ƙafa. Fender yana da masana'anta a Corona ta jihar Kalifoniya, yana da wata a Ensenada ta ƙasar Meziko tun 1987, jitocinsa masu araha da ake kira Squier kuwa a Asiya ake yin su. Gibson yana ƙera masu ɗauke da sunansa a Nashville da Bozeman, amma Epiphone da ya saya a 1957 akasarinsa daga Sin yake fitowa. Hatta Martin da ya girme su duka, tunda a 1833 aka kafa shi, yana da masana'anta a Navojoa ta Meziko bayan tasa ta gado da ke Nazareth. Rickenbacker ne ya kafe. Duk jitar da ke ɗauke da wannan suna a Kalifoniya aka ƙera ta, a yau a garin Santa Ana, kuma kamfanin ba shi da wani ƙanen suna mai araha da ake yi masa a ƙetare.

Wannan kafewa ta wani kamfani da ke can bangon duniya ita ce ta haddasa ja-in-ja na watanni a wani gida a Fagge, tsakanin wani dattijo da ɗan ƙanwarsa. Na sakaya sunayensu. Zan kira dattijon Kawu, kamar yadda kowa a gidan yake kiransa, ɗan ƙanwar tasa kuma mai sitidiyo.

Masu lamarin

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a shekarun 1970. Da rana akawu ne a wata masaƙa a Bompai, da dare kuma yana kaɗa jitar bes, wato mai tsirkiya huɗu da kaurin sauti, a wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a otal-otal ɗin Sabon Gari. Lokacin da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikatanta, suka shigo gari a 1975, albashi ya tashi har a kamfanoni, sa'o'insa suka yi ta sayen babura da rediyo mai kaset. Shi jita ya saya, ta hannu, daga wani makaɗi ɗan Gana da ya zo wasa Kano kuɗin komawa suka yanke masa. Ƙirar 4001 ce, bes ɗin da Rickenbacker ya fito da shi a 1961, wanda sautinsa ke da wata ƙara mai kaifi da ake ganewa ko a cikin hayaniyar ganguna.

Daga baya abubuwa biyu suka mutu a hannun Kawu. Masaƙar ta yi ta rage ma'aikata bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga matsalar wuta, ga atamfar waje da ta cika Kantin Kwari, har aka garƙame ƙofa. Kiɗan ƙungiya ma ya ja baya: fiyano ɗaya na Yamaha ya maye gurbin mutum biyar, kuma da shi aka gina kiɗan finafinan Hausa tun daga shekarun 1990. Jitar ta koma akwatinta a ƙarƙashin gado, ana fito da ita jefi-jefi a goge a mayar.

Mai sitidiyo ɗan zamanin fiyano da kwamfuta ne. Ɗakinsa yana wajen Titin Gidan Zoo, inda masu wannan sana'a suke da yawa. Yana yin waƙoƙin biki, tallace-tallacen rediyo, da na 'yan siyasa idan kakarsu ta zo. A 'yan shekarun nan sai ya lura matasan mawaƙa da ƙungiyoyin waƙar coci na Sabon Gari suna neman a saka musu bes na hannu, wai na kwamfuta ba shi da rai. Ya tuna da abin da ke ƙarƙashin gadon Kawu.

Da aka buɗe akwatin sai aka tarar wuyan jitar ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nesa da allon yatsu har ba a iya danna su da daɗi. Wannan ba abin mamaki ba ne a Kano. Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda laimar iska take kusan kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Hunturunmu yana sauke ta ƙasa da kashi 20, damina ta ɗaga ta sama. Katako yana shan iska yana amayarwa, kowace shekara ya ƙanƙance ya kumbura, ga tsirkiyoyi huɗu masu kauri suna ja ba dare ba rana.

Tayin da ya tayar da ƙura

Mai sitidiyo ya ɗauki hoton jitar ya tura wa wani abokin sana'arsa a Legas yana neman shawarar gyara. Maimakon shawara sai ga tayi: wani dillalin tsofaffin kayan kiɗa yana so, a yadda take, kuma da dala zai biya. Wannan bayan an saki naira ne a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira ɗari huɗu da 'yan kai ta haura 1,500 a cikin 2024. Mai sitidiyo ya leƙa Wapa ya ji farashin ranar, ya zauna ya yi lissafi. Kuɗin za su sayi sabon bes mai kyau ɗan Indonesiya, su sayi batura da allunan sola da za su raba shi da sayen man janareta, har a ba Kawu abin da zai rage zafi.

Ya kai maganar bayan sallar isha'i, ya durƙusa ya zayyana lissafin.

"Kawu, abin nan fa kwance yake, ba ya amfanar kowa. Ga shi ma ya lalace. In an ƙara shekara biyu ko kyauta ba mai karɓa."

"To, ɗana, in ya lalace me ya sa mutumin Ikko yake binsa da dala? Ka taɓa jin an bi fiyanonka da dala?"

Mai sitidiyo ya ce ai tsufa ake saya. Kawu ya ce tsofaffin jitoci sun cika Sabon Gari ba mai tayawa. Ya ce abin da ake saya shi ne, duk wanda ya ga sunan nan ya san daga ina ta fito, ba sai ya juya bayanta yana neman inda aka rubuta ƙasar da aka yi ta ba. Sannan ya faɗi abin da nake ganin shi ne zuciyar lamarin: masaƙarsu ta Bompai, in ji shi, kafin ta mutu sai da ya ga zanen da suka fitar an kwaikwaye shi a waje an dawo da shi Kwari da rabin kuɗi, har da irin rubutun bakin zanin. "Waɗannan mutanen sun ƙi a yi musu haka, sun kuma ƙi yi wa kansu. Ni ba zan sayar da kayansu don in sayi na waɗanda suka yarda ba."

Abin da Kawu yake riƙe da shi

A Amurka, idan aka tambayi masu son Rickenbacker dalilinsu, kishin ƙasa yana shigowa: aikin yi ya zauna a gida, kuɗi su zaga a gida. Kawu ba shi da ko sisi a wannan lissafi. Ma'aikacin Santa Ana ba ɗan'uwansa ba ne, harajin da kamfanin ke biya ba ya gyara kwatar Fagge. Don haka lamarin Kano yana tace mana wani abu da hayaniyar kishin ƙasa take rufewa a can: akwai abin da zama wuri guda yake saya wa mai kaya ko da shi baƙo ne.

Kamfanin ya samo asali ne a 1931 a Los Angeles, lokacin da Adolph Rickenbacker da George Beauchamp suka haɗa gwiwa suka fito da jitar lantarki da ake yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta, wadda ake lissafawa a farkon jitocin lantarki da aka sayar a kasuwa. A 1953 F. C. Hall ya saye shi, a 1984 ɗansa John Hall ya karɓi ragama. Sama da shekara saba'in ke nan kamfanin yana hannun gida ɗaya. Ya yi tashe a 1964 lokacin da aka ga 'yan ƙungiyar Beatles riƙe da jitocinsa, odar duniya ta yi masa ruwa, amma bai mayar da kansa katafaren kamfani ba.

A kwatanta da maƙwabtansa. Leo Fender ya sayar da nasa kamfanin ga kamfanin watsa shirye-shirye na CBS a 1965 kan dala miliyan 13, kuma har yau masu sayen tsofaffin jitoci suna raba Fender gida biyu, na kafin CBS da na bayansa, na farkon ya ninka na biyun kuɗi. Gibson ya rufe tsohuwar masana'antarsa ta Kalamazoo a 1984 ya tattara ya koma Nashville, wasu ma'aikatan suka ƙi bi, suka kafa Heritage a cikin ginin a 1985, kuma suka sami masu saye da ke cewa hannun asali yana nan inda aka bar shi. Gibson ɗin kansa, bayan ya kutsa harkar kayan lantarki da ba tasa ba, sai da ya shiga kotun fatarar kuɗi a 2018 kafin ya farfaɗo. Duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan sunaye dole ya ƙara bayani: wace shekara, wace masana'anta, a hannun wa. Mai Rickenbacker bayaninsa gajere ne, kuma gajartar bayani kuɗi ce a kasuwar kayan hannu. Dillalin Legas bai taɓa jin sautin jitar Kawu ba. Hoto ya gani, da lambar da aka buga a jikin ƙarfen da ake soka waya, wadda daga ita ake gane shekarar ƙira. Wannan ya ishe shi ya yi tayi.

Rickenbacker kuma yana gadin sunansa da zafi irin wanda har masoyansa kan yi ƙorafi a kai. Yana bin masu tallan jabu a kasuwannin intanet yana sa a sauke tallan. Ɗan allon da ke kan jitar mai ɗauke da sunan kamfani ba ya sayar da shi haka kawai, sai ka mayar da tsohon a ba ka sabo, don kada a liƙa shi a jikin kwaikwayo. Ga wanda nasa ya fashe a Kano wannan wahala ce. Amma wahalar ita ce take tsare darajar abin da ke ƙarƙashin gadon Kawu.

An ga amfanin wannan da ido a tsakiyar rigimar. Mai sitidiyo, don ya nuna wa Kawu cewa siffar ba wani abin a zo a gani ba ce, ya samo wani bes a wani shagon kayan sauti a Sabon Gari, sabo fil, siffa iri ɗaya, har da sunan, kuɗinsa bai kai na wayar hannu mai kyau ba. Suka kai wa wani mai gyaran kayan kiɗa da ke yi wa coci-coci aiki. Mutumin bai ko jona shi da lasifika ba. Ya kifa shi ya nuna musu kusoshi huɗu da aka ɗaure wuya da su. Ya kifa na Kawu: katakon wuyan ya ratsa gangar jikin tun daga kai har ƙasa, fikafikan biyu ne aka manna a gefe. Ya ce, "Baba, wannan naka ne na gaske. Wancan riga ce kawai aka ɗinka." Kawu bai ce komai ba sai "araha ba ta ado", ya juya ya kalli ɗan ƙanwarsa.

Inda mai sitidiyo yake da gaskiya

Sai dai wancan gwajin bai yi wa mai sitidiyo adalci ba, kuma shi ya jawo wa kansa. Jabu daban, kayan ƙetare na halal daban. Squier da aka yi a Indonesiya ko Fender na Ensenada ba ɓarayin suna ba ne, kuma a yau ingancinsu ya wuce yadda dattawa irin Kawu suke zato. Injin da kwamfuta ke sarrafawa yana yanka katako daidai wa daida ko a Santa Ana ko a Jawa, kuma masana'antun Amurkan ma da shi suke aiki. Abin da ya rage wa hannu shi ne gogewa, fenti, jera ƙarafan allon yatsu da saiti na ƙarshe. Nan ake samun bambanci, amma ba bambancin da mai sauraron waƙar biki a lasifikar waya zai ji ba. Wanda ya ce ƙasar da aka yi jita ita ke ba ta sauti, ya faɗi son ransa ne.

Ita kanta kalmar ƙirar gida tana da iyaka. Allon yatsun da Rickenbacker ya daɗe yana amfani da shi na katakon bubinga ne, wanda ke fitowa daga dazukan Kamaru da Gabon, kuma a 2017 aka sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu. Maɓallan ɗaure tsirkiya na jitocinsa da yawa na Schaller ne, kamfanin Jamus. Wato wani ɓangare na jitar Kawu ya fi kusa da Kano tun yana bishiya fiye da yadda ya taɓa kusantar Kalifoniya. Abin da ke zaune wuri guda shi ne haɗawa da alhakin abin da aka haɗa.

Sannan amanar nan ta gefe ɗaya ce. Kawu ya shekara kusan hamsin yana yabon kamfanin da bai taɓa cin ko kwabonsa ba, tunda ta hannu ya saya, bai kuma taɓa ganin wakilinsa a kusa ba. Da zai so sabuwar 4003, wadda ta gaji 4001 a wajajen 1980, kuɗinta ya haura dala 2,000 kafin a yi maganar jirgi da kwastan, kuma kamfanin ya yi suna wajen jinkiri: dillalai kan jira watanni, wani lokaci fiye da shekara, saboda masana'anta ɗaya ce kuma ba a faɗaɗa ta don biyan buƙata ba. Masoyansa suna fassara wannan jira da cewa alamar ba a gaggawa ce. Mai sitidiyo da ke da mawaƙi a ɗaki yana jiran a gama masa waƙa kafin ranar kamu ba zai iya cin wannan fassarar ba. A nan ina bayansa ɗari bisa ɗari. Sana'ar da ake biya kullum ba ta ginuwa a kan kayan da in ƙaramin ƙarfe ya karye sai an nemi wanda zai dawo daga Amurka.

Abin da mai sitidiyo ya kasa gani shi ne lissafinsa da na Kawu ba a kan abu ɗaya suke ba. Shi kayan aiki yake nema. Kawu kuma kadara yake riƙe da ita, wadda ta tsallake duk faɗuwar da naira ta yi tun daga lokacin da ta fi dala daraja, alhali kuɗin sallamar da masaƙa ta ba shi sun narke tuntuni. Batura da allunan sola nan da wasu shekaru sai an sake su. A kan wannan, dattijon da ake gani kamar son zuciya ke jansa ya fi saurayin iya lissafi, ko da yake shi ba da harshen lissafi ya faɗa ba.

Yadda aka rabu

Mahaifiyar mai sitidiyo ce ta kashe wutar. Ta ce wa ɗanta ya bar wa Yaya kayansa, ta ce wa yayan nata kuma ajiyar da ba a taɓawa ba ta da maraba da asara. Aka tsaya a kan gyara.

Gyaran ya zo da nasa haɗarin, kuma nan ne sanin mai gyaran ya yi rana. A cikin wuyan 4001 ta zamanin Kawu akwai sandunan ƙarfe biyu da ake miƙe wuya da su, kuma ba a ɗaure su yadda ake ɗaure na sauran jitoci. Sai an fara sassauta tsirkiya, a danne gangar jikin, a tanƙwaro wuyan da hannu zuwa inda ake so, sannan a ɗaure sandunan su riƙe shi a nan. Wanda ya kama ɗaurewa kai tsaye yana iya ɓamɓare allon yatsu daga wuyan, kuma tsofaffin 4001 da yawa ta haka suka nakasa. Mai gyaran ya yi shi kaɗan-kaɗan, yana bari katakon ya huta tsakani. Ya kuma ba su shawarar su riƙa sa ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwani mai huji a akwatin idan hunturu ya kama.

Mai sitidiyo ya sayi bes ɗan Indonesiya da kuɗin aljihunsa, biya biyu, kuma shi ke yin aikin yau da gobe. Ta Kawu tana zuwa sitidiyo ne idan mai waƙa ya nemi ta musamman ya kuma yarda da ƙarin kuɗi, kuma sharaɗin Kawu shi ne tare suke zuwa, tare suke komawa a Adaidaita Sahu. Yawancin masu neman nata 'yan ƙungiyoyin coci ne da suka san sunan. Mawaƙan biki ba ruwansu. Solar kuwa har yanzu ba a saka ba, janareta ake tayarwa.

Dillalin Legas ya sake kira bayan ya ji an gyara wuyan, ya ƙara kuɗi a kan tayin farko. Mai sitidiyo ya kai wa Kawu saƙon kamar yadda aka ba shi, bai ƙara nasa ba. Kawu ya ce a gaya masa ya gode, sannan ya tambaya ko mutumin zai iya samo musu tsirkiyoyi masu santsi irin na da, don waɗanda ake sayarwa a Sabon Gari suna cin ƙarafan allon yatsu.